Robar da aka sa mini bayan tiyatar sankara ta yi tauri, in sha maganin asma?

Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 41, da aure da 'ya'ya huɗu. Wata 20 da suka wuce aka cire mini mama na hagu a Masar saboda sankara, aka sa mini robar silikon a wurin. Da na dawo gida aka yi mini kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, sannan gashi da na'urar asibiti sau 25, yanzu ina shan tamoxifen, maganin hana sankarar dawowa. Tun wata biyar da suka wuce robar ta fara tauri, ta haura sama, yanzu kamar an kifa mini ƙoƙo a ƙirji. Da daddare tana ja na har hammata, ba na iya kwanciya ta wannan gefen. Na tura wa likitan da ya yi aikin hoto ta WhatsApp, ya ce in koma a sake tiyata. Maigidana fili ya sayar aka yi ta farko, na kasa buɗe baki in yi masa zancen. Ƙanwata tana aiki a kemis, ta ce ta gani a intanet maganin asma yana narkar da taurin, har ta kawo mini kwali biyu na montelukast, ban dai fara sha ba. Mahaifiyata kullum sai ta gasa mini wurin da ruwan zafi ta murza da man kaɗanya. Wata a dangin miji ta ce sakayya ce, don na canza halittar Allah. Bayan kemo na yi wata huɗu ina shan maganin damuwa da rashin barci, amma na daina. In sha maganin nan? Ko akwai wani sabon magani da zai raba ni da komawa ɗakin tiyata? Daga wata baiwar Allah.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce. Kin kyauta wa kanki da kika ajiye kwalayen nan ba ki ɓalli ko ƙwaya ɗaya ba, kuma ina so ki ci gaba da ajiye su har sai likita ya sa hannu ya taɓa wurin. Ƙanwarki ba ƙarya ta gani ba, lallai akwai likitocin da ke ba da maganin asma don wannan matsala. Amma a jikin da aka yi wa gashi, taurin ya kai yadda kika kwatanta, ga kuma damuwar da kika yi fama da ita bayan kemo, amfanin da za ki samu kaɗan ne, haɗarin kuwa na gaske ne.

Kafin zancen magani, bari mu sauke wannan nauyi da aka ɗora miki na cewa sakayya ce. Malamai sun daɗe da bambanta ƙawa don son rai da maido da gaɓar da cuta ko haɗari ya ɗauke. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an sare masa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa, ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Ki lura, na farkon ya ba shi matsala, kuma ba a ce masa horo ne ba, canza masa aka yi da wanda jiki zai karɓa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta sake gina mama bayan an cire shi saboda cuta. Ba sai kin yi musu da wadda ta faɗa miki ba. Idan zuciyarki ba ta kwanta ba, ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa.

Abin da ke faruwa a ƙirjinki sananne ne, shi ne ma kan gaba cikin dalilan da ke mayar da masu roba ɗakin tiyata. Duk baƙon abin da aka binne a jiki, roba ce ko ƙarfe ko na'urar bugun zuciya, jiki yakan saƙa masa tantani ya naɗe shi. Kowace mace mai roba tana da wannan tantani, kuma a wurin mafi yawansu siriri ne mai laushi, ba sa ma sanin yana nan. Matsala tana farawa ne idan kumburi ya ƙi kwantawa. Ƙwayoyin halittar da ke saƙa tabo sai su ci gaba da aiki ba tsayawa, wasunsu su rikiɗe su zama masu ja kamar tsoka. Kin taɓa ganin yaron da ya ƙone a hannu, bayan watanni tabon ya tanƙware masa yatsu? Aikin ƙwayoyin nan ne. A wurinki tabon zagaye yake da robar, saboda haka idan ya ja sai ya matse ta ta kowane gefe, ta dunƙule, ta nemi inda za ta samu sarari, wato sama wajen allon wuya. Robar kanta tana nan da laushinta, jakar da ke riƙe da ita ce ta tsuke.

Abubuwan da ke hana kumburin kwantawa an san su. Akwai jini ko ruwan da ya taru a wurin bayan tiyata. Akwai fashewar robar. Akwai ƙwayoyin cuta na fata da na bututun nono da ke maƙalewa a jikin roba lokacin sa ta, su gina wa kansu wani yauƙi irin wanda kike ji a cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba. Ba sa kawo zazzaɓi ko mugunya, sai dai su yi ta tsokanar jiki a hankali, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha ba ya ratsa wannan yauƙi da kyau. Sai kuma gashi, wanda shi ne babba a lamarinki. Gashi yana kashe ragowar sankara, amma yana raunana ƙananan jijiyoyin jini na fata da tsoka, ya bar nama yana ta tauri a hankali na tsawon watanni, wani lokaci shekaru. Shi ya sa taurin bai bayyana ba sai da kika gama gashin da watanni. Wannan ba laifinki ba ne, kuma ba lallai ya zama kuskuren wanda ya yi aikin ba.

Likitoci suna auna abin da ma'aunin Baker mai hawa huɗu. Hawa na ɗaya, mama da laushi kamar ba komai. Na biyu, akwai ɗan tauri a hannu amma ido bai ga canji ba. Na uku, ya yi tauri kuma siffa ta canza. Na huɗu, ga tauri, ga canjin siffa, ga ciwo. Daga bayaninki, kina tsakanin na uku da na huɗu, kuma ciwon daren nan ya fi karkata ga na huɗu. Ki riƙe wannan, domin duk magungunan da za mu ambata, ɗan alherin da aka gani gare su a hawa na biyu da farkon na uku aka fi ganinsa.

Amma ba a yanke hukunci da hoton waya. Mace mai tarihin sankara, idan ƙirji ya canza, dole a tabbatar ba wani abu ne ya ɓuya a bayan taurin ba. Ki koma wurin likitan sankararki ya duba tabon tiyata, fata, hammata da saman allon wuya, sannan a yi sikanin. Sikanin zai nuna ko akwai ruwa kewaye da robar, ko ƙullutu, ko alamar fashewa. Idan an yi shakkar fashewa, hoton cikin jiki da ake kira MRI ne ya fi fayyacewa. Idan an ga ruwa mai yawa fiye da shekara ɗaya bayan tiyata, ba a zuƙe shi a zubar. Ana ɗibarsa da allura ana kallo ta sikanin don kada a huda robar, a aika aƙalla mililita 50 ɗakin gwaji, a nemi gwajin da ake kira CD30. Dalili shi ne akwai wata sankara ta ƙwayoyin garkuwar jiki, BIA-ALCL, da ke fitowa a jikin tantanin, kuma an fi danganta ta da roba mai kaushin baya. Saboda ita ne aka janye robobin Biocell na kamfanin Allergan daga kasuwa a Yulin 2019. Ba kasafai take faruwa ba, yawanci kuma sai bayan shekaru masu yawa, saboda haka kada ki hana kanki barci a kanta. Na ambata ne don ki san abin da za ki tambaya, kuma ki nemi sanin irin robar da ke jikinki, mai santsi ce ko mai kaushi.

To, ga maganin asman. A 2002 wasu likitocin gyaran jiki a Amurka suka wallafa cewa sun ga mama mai tauri ya yi laushi bayan an ba wasu mata zafirlukast, wanda ake sayarwa da sunan Accolate. Hikimar tana da ma'ana. Wannan magani da ɗan'uwansa montelukast, wato Singulair, suna toshe wasu sinadaran kumburi da ke sa hanyoyin numfashi su tsuke, sai aka yi tunanin za su iya sassauta ƙwayoyin da ke jan tantanin. Masu ba da shi suna ba da zafirlukast miligiram 20 sau biyu a rana, ba tare da abinci ba, ko montelukast miligiram 10 sau ɗaya, na tsawon wata uku, wasu su kai shida. Daga nan aka yi ta ƙananan bincike, da dama sun nuna ɗan sauƙi, musamman idan an fara da wuri ko an bayar don rigakafi bayan tiyata. Sai dai yawancinsu mata kaɗan ne a ciki, ba a bi su na dogon lokaci ba, wanda ya ba da maganin shi ke taɓawa ya ce ya yi laushi, kuma mafi yawa matan da suka ƙara girman mama ne don ado, masu lafiyayyar fata da ba ta ga gashi ba. Har yau hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da ko ɗaya daga cikinsu don wannan aiki ba. Likita yana da damar rubuta shi bisa ganinsa, amma gwaji ne, kuma ya kamata ya faɗa miki hakan da bakinsa.

Zafirlukast na cire miki shi daga lissafi gaba ɗaya. An samu waɗanda ya lalata wa hanta, har da waɗanda suka kai ga dashen hanta da waɗanda suka rasu, kuma mata ne suka fi yawa cikinsu. Tamoxifen da kike sha shi ma yana iya tara kitse a hanta, ga shi ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasashenmu, mutane da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba. Yana kuma ƙara ƙarfin warfarin, maganin tsinka jini, har mutum ya riƙa zubar da jini.

Montelukast ya fi sauƙi ga hanta, shi ya sa likitoci suka koma gare shi. Nasa aibin a kwakwalwa yake. A Maris 2020 FDA ta sa masa gargaɗi mafi tsanani da take sa wa magani, saboda rahotannin munanan mafarkai, rashin barci, saurin fushi, baƙin ciki mai tsanani, har da tunanin kashe kai. Yana faruwa ga wanda bai taɓa irin wannan ciwo ba, balle ke da kika sha wata huɗu kina magani kafin ki dawo daidai. Jimlar nan ɗaya da kika saka a ƙarshen wasiƙarki, kamar ba ta da muhimmanci, ita ce ta fi komai nauyi a wannan hukunci. Wahalar da kika sha kafin barcinki ya dawo ta fi ƙarfin a saka ta a caca don laushin da wataƙila ba zai zo ba.

Idan bayan an duba ki likita ya ga taurin bai kai yadda nake zato ba, kuka yarda a gwada, to a yi shi da tsari. A fara da gwajin hanta da na ciwon hanta nau'in B. Likitan sankararki da wanda ya ba ki maganin damuwa su sani. Ki duba kwalin ya zama montelukast zalla ne mai miligiram 10, da lambar NAFDAC, domin a kemis akwai na yara mai miligiram 4 da 5, akwai kuma wanda aka haɗa da levocetirizine, mai sa kasala da barci. Ranar farawa ki ɗauki hoto ta gaba da ta gefe a haske ɗaya, ki auna da tef ɗin tela daga allon wuya zuwa saman robar, ki ba ciwon maki daga sifili zuwa 10, ki rubuta. Ki maimaita duk mako biyu. Wani na kusa da ke ya san kina sha, domin canjin hali na kusa ne ke fara ganinsa kafin mai shi. Daren da mafarkai suka rikice, ko kika ji baƙin cikin nan yana dawowa, ki daina a take ki kira likita. Idan wata uku ya cika tef da hoto ba su nuna komai ba, an gama, ƙarin wata uku ɓata lokaci ne.

Akwai wani haɗin da a ganina ya fi dacewa ki tambaya a kansa, tunda tushen matsalarki gashi ne. Shi ne pentoxifylline, maganin inganta gudun jini, tare da bitamin E. Wata likitar gashi a Faris mai suna Sylvie Delanian ta gwada shi a kan matan da gashin sankarar mama ya bar musu taurin fata, miligiram 800 na pentoxifylline da ma'auni 1,000 na bitamin E kullum tsawon wata shida, aka ga taurin ya ragu fiye da na waɗanda ba su sha haɗin ba. Binciken ƙarami ne, kuma fata da naman ƙarƙashinta aka auna, ba tantanin roba ba. Saboda haka kada ki sa ran ya saki jakar, amma yana iya sassauta fatar, abin da zai taimaka ko da tiyata aka zo yi daga baya. Yana sa tashin zuciya da jiri, kuma su biyun suna ƙara saurin zubar jini, dole a dakatar da su kafin kowace tiyata. Bitamin E shi kaɗai, wanda ake yawan tallata wa masu roba, ba shi da wata hujja mai ƙarfi. Wannan ma likitan sankara ne zai ce e ko a'a.

Sauran da za ki ci karo da su a intanet ba su kai ki kashe musu kuɗi ba. Pirfenidone maganin taurin huhu ne, an gwada shi a kan mata kaɗan a Meziko aka ba da labari mai daɗi, amma yana da tsada, yana taɓa hanta, yana tayar da zuciya, kuma yana sa rana ta ƙone fata, ki yi tunanin wannan a zafin watan Afrilu. Allurar collagenase, mai narkar da zaren tabo a tafin hannu, a jikin ɓeraye da guntayen tantanin da aka ciro aka gwada ta, kuma matsalarta ba ta san inda za ta tsaya ba, tana iya cin fata. Allurar steroid, mai kwantar da kumburi, a cikin tantani tana sirantar da fata, fatarki kuwa gashi ya riga ya raunana ta, ga haɗarin huda robar. Shi kansa tamoxifen an gwada shi a dabbobi don wannan matsala, ke kuma ga shi kina shansa kullum taurin bai fasa zuwa ba. Duk wanda ya ce yana da allura ko kafso mai narkar da shi a mako biyu, kuɗinki yake so.

Mu koma gida, wurin Hajiya mahaifiyarki. Abin da take yi ƙauna ce, kuma da hannunta take neman ta ɗauke miki ciwo yadda ta saba yi wa mai jego. Amma gashin ruwan zafin nan a daina shi yau. Fatar da aka cire mama a ƙarƙashinta ba ta jin zafi sosai, jijiyoyin ji sun yanke, sai ta ƙone ba ki sani ba. Fatar da ta sha gashin asibiti kuma idan ta yi gyambo ba ta saurin warkewa, ga roba a ƙasa da ita kaɗan. Da zarar gyambo ya kai ga robar, cire ta ya zama dole cikin gaggawa. Murza da ƙarfi ma haka. A da likitoci kan matse maman da hannu biyu har tantanin ya tsage, aka hana, saboda yana fasa roba, ya tara jini, jinin kuma ya haifar da sabon tauri. Kada ki ce mata ta daina gaba ɗaya, za ta ji kamar an kore ta. Ki ce, "Hajiya, likita ya ce man kaɗanyar yana da kyau, a ci gaba, amma ban da zafi, kuma shafawa kawai." Man a tafin hannu, a hankali, sau biyu a rana, muddin babu rauni a fatar. Ki ƙara mata wani aikin: ta tsaya a kanki kina motsa kafaɗa. Ki fuskanci bango, ki riƙa hawa da yatsu sama har inda kika ji ja ba zafi ba, ki tsaya daƙiƙa 20, sau 10, safe da yamma. Ba zai saki jakar ba, amma zai hana kafaɗa sanƙarewa, kuma wani ɓangare na jan da kike ji har hammata daga tsokar ƙirji yake. Don ciwon dare ki fara da paracetamol, ki tokare gefen da matashi. Idan yana yi kamar tsira allura ko wutar lantarki, na jijiya ne, yana da nasa magani da likita zai rubuta. Ki guji tramadol, kuma kada ki mayar da diclofenac abin sha kullum.

Ƙanwarki ki yi mata godiya, ki nuna mata gargaɗin 2020 ta karanta da kanta, mai aikin kemis za ta gane. Ta mayar da kwalayen. Ita ce ma ta fi dacewa ta riƙe miki fayil, ta raka ki asibiti tana rubuta abin da aka ce.

Idan ya tabbata hawa na huɗu ne, maganin da aka san yana aiki tiyata ce, amma ba iri ɗaya ba ce, kuma ba dole sai a Masar ba. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, suna da likitocin fiɗa masu gyaran jiki. Hanya ta farko ita ce a cire tantanin, a sa sabuwar roba, in da hali a canza mata mazauni. Ita ce ta fi saurin zuwa a rai, amma a naman da ya sha gashi taurin yana yawan dawowa. Ta biyu, a juyo tsoka da fata daga gadon baya a rufe ƙirjin da nama mai lafiyayyen jini, da ƙaramar roba ko babu. Ta uku, a gina maman da fata da kitsen mara, ba roba sam. Wannan ta fi daɗewa da kyau, amma aiki ne na sa'o'i masu yawa da ake ɗinke ƙananan jijiyoyin jini, yana da tsada, ba ko'ina ake yi ba. Akwai kuma zuƙo kitse daga ciki ko cinya a yi allurarsa ƙarƙashin fatar, sau biyu ko uku, don ta yi laushi. Ta ƙarshe ita ce wadda ba a cika faɗa wa mata ba: a cire robar da tantanin, a ɗinke ƙirjin a shafe, ki riƙa sa mama na roba a cikin rigar mama. Ita ce mafi araha da saurin warkewa, a cikin atamfa da mayafi babu mai ganewa, kuma ba ta rufe ƙofar sake gini nan gaba idan hali ya samu. Ba na cewa ita za ki zaɓa. Ina so dai ta kasance cikin abin da za a auna.

Idan kika zaɓi sabuwar roba, ki sani rigakafin da ya fi kowace ƙwaya yana faruwa ne a cikin sa'ar tiyatar. A 2013 likitoci Anand Deva na Ostireliya da William Adams na Amurka da abokiyar aikinsu suka tsara matakai 14 na rage ƙwayoyin cuta lokacin sa roba. Cikinsu akwai allurar kashe ƙwayoyin cuta kafin yanka, tsayar da jini tsaf, wanke ramin da Betadine ko ruwan magani, canza safar hannu kafin taɓa roba, da zura ta ta cikin mazurari don kada ta gogi fata. Ruwan maganin da Adams ya shahara da shi haɗi ne na magungunan kashe ƙwayoyin cuta uku, cefazolin da gentamicin da bacitracin, a cikin ruwan gishiri, ko da yake tun 2020 da aka janye bacitracin na allura a Amurka, da yawa sun koma Betadine. Ki tambayi likita wanne yake yi, wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba. Idan ya ce zai shimfiɗa wata fata da aka sarrafa don rufe robar, ki tambayi asalinta, domin akwai ta mutum, akwai ta saniya, akwai ta alade, kuma kina da haƙƙin sani kafin a sa miki hannu a takarda.

Saura maigida. Kina ɓoye masa don tausayi, amma mutumin da kuke ɗaki ɗaya ya ga kin daina kwanciya ta hagu, ya ji juyinki da daddare. Mai yiwuwa abin da yake tsoro ya fi gaskiyar muni, yana zaton sankarar ce ta dawo kuna ɓoye masa. Kuma wanda ya sayar da fili don ki rayu yana da haƙƙin a yi shawara da shi. Kada ki fara da zancen Masar ko kuɗi, domin ba ki ma san adadin ba tukuna. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, yara sun kwanta, ki ce, "Baban yara, wurin aikin nan yana damuna, ya yi tauri. An ce abu ne da ke faruwa bayan gashi. Ina so ka raka ni a duba a nan gida, mu ji da kunnenmu." Ki bar likita ya jera masa hanyoyin da kuɗin kowacce. Idan ya yi shiru ko fuskarsa ta canza, ki ba shi kwana biyu, lissafi yake yi, ba ƙi ba ne. In kuma aljihu bai kai ba a bana, taurin shi kaɗai ba ya kisa, ana iya jira ana kula da ciwon, muddin sikanin ya fito lafiya kuma fata ba ta fara sirancewa ba.

Likitan Masar kuma kada ki yanke hulɗa da shi, akwai abin da shi kaɗai ke da shi. Ki rubuta masa ki nemi rahoton tiyata da katin robar, mai ɗauke da sunan kamfani, lamba, girma, da ko mai santsi ce ko mai kaushi, sannan ya faɗa miki a saman tsoka take ko a ƙasa. Ki haɗa da sakamakon gwajin naman da aka cire, da takardar gashi mai nuna adadin da aka ba ki da ranar gamawa, domin likitoci sukan so a samu aƙalla wata shida zuwa shekara bayan gashi kafin a sake yanka wurin. Da waɗannan takardu a hannu za ki je ganin likitan sankara cikin mako biyun nan. Amma idan kafin ranar kika ga maman ya kumbura farat ɗaya, ko ya yi ja da zafi, ko zazzaɓi ya zo, ko fatar ta yi sheƙi ta sirance har kina hango duhun robar, ko tabon ya buɗe yana tsattsafar ruwa, ki tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa.